Injin ɗaga mota ko rami? Ina neman shawara kan garejin gidana

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da gareji a cikin gida nan Katsina, wajen Barhim. Faɗinsa ƙafa 20, tsawonsa ƙafa 24, daga ƙasa zuwa silin ƙafa 10. Motoci biyu ke kwana ciki, Hilux ɗin da nake hawa kullum da Peugeot 504 ta marigayi mahaifina, haɗin Kaduna. Ita 504 ɗin da hannuna nake mata komai ranakun Asabar da Lahadi, juyen mai, birki, kafireto, har kuloci. Yanzu baya da gwiwa sun fara gajiya da kwanciya kan kwali a ƙarƙashin mota. Niyyata in sa injin ɗaga mota mai ƙafa biyu, irin mai ɗaukar tan 4. Wani dila a Kano ya ce zai kawo ya kafa cikin yini ɗaya. Kafin in tura kuɗi, wa ya taɓa sawa a gida? Me ya kamata in duba?

Ɗan Jibiya:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ma sha Allah, 504! Turo mana hotonta mu gani. Ni dai shawarata ka tura kuɗin kawai, tan 4 ai ko Land Cruiser zai ɗaga yana wasa.

Bakanike Ƙofar Ƙaura:
Alhaji, Allah ya jiƙan Baba. Ni tun ina yaro nake cikin baƙin mai, kuma a rami na koyi aiki. Ka haƙa rami. Rami ba ya neman wuta, ba ya yoyon mai, ba wanda zai ce maka kayan gyaransa sai an aiko daga Legas. Zurfinsa ya kai kamar kafaɗarka in kana tsaye, faɗin kada ya kai ƙafa 3 don tayoyin 504 su samu wurin takawa, a yi mishi matakala, a jera bulo a cika shi da kankare, a shafe. Birkila biyu sun gama maka cikin mako. Kuɗin injin nan ka sayi kayan aiki na kirki da shi.

Maman Ilham:
Baban Khalifa, kafin maza su tafi da kai, yara nawa ne a gidan? Ina tambaya ne don a gidanmu na Sabuwar Unguwa akwai rami irin wannan tun muna ƙanana. Ƙanena ya faɗa ciki da magariba, katako ɗaya ne aka manta ba a mayar ba, har yau tabon yana goshinsa. Da damina kuma ruwa yake tarawa, sauro ya samu gida, mun sha ganin kunama a ciki. Rami a garejin kasuwa daban, rami a cikin gidan da yara ke guje-guje daban.

Baban Khalifa:
Hajiya, huɗu ne, ƙaramin shekararsa uku. Maganarki ita ce maganar uwargida tun farko, shi ya sa ban kawo zancen rami ba.

Bakanike Ƙofar Ƙaura:
Hajiya, ai ana yi mishi murfin ƙarfe da kwaɗo.

Maman Ilham:
Ana yi, Malam. Sai dai mutum ne ke rufewa, ranar da ya gaji kuma ba ya rufewa.

Injiniyan Gini:
Salam. Alhaji, don Allah kada ka tura ko sisi tukuna. Abin da ya tayar min da hankali a rubutunka shi ne “zai kafa cikin yini ɗaya”. Ya zo ya ga ƙasan garejin? Ya tambaye ka kaurin kankaren?

Bari in yi bayani dalla-dalla, don mutane suna kallon ƙarfen ne su manta da abin da ƙarfen yake tsaye a kai. Injin mai ƙafa biyu turaku biyu ne, mota a tsakiya, hannuwa huɗu sun miƙo sun tallabe ta. Nauyin ba a kan turken yake kai tsaye ba, can gefe yake a bakin hannuwan. Saboda haka kowane turke yana son ya sunkuya ciki wajen motar. Gefen gindinsa na ciki yana danna ƙasa, gefen waje kuma yana ƙoƙarin tumɓuko ƙusoshin da aka ɗaure shi da su. Abin da ke hana su tumɓukowa kankare ne kawai. In kankaren ya saki, turken zai kwanta, motar ta biyo shi, kai kuma kana ƙasa.

Yawancin kamfanonin da ke ƙera irin wannan suna rubuta mafi ƙarancin abin da suke so a littafin injin. Wasu inci 4 ne, masu tan 4 da yawa kuma inci 6, wato santimita 15, da ƙarfin da bai gaza 3000 PSI ba (PSI ma'aunin ƙarfin kankare ne), kusan giredi 20 ke nan a lissafinmu na nan. Kuma sai kankaren ya cika kwana 28 kafin a huda shi. Ba a kafa turke kusa da tsaga ko bakin daɓe.

To mu a nan yaya muke zuba ƙasan gareji? A cika da jar ƙasa, wani lokaci ko dannawa ba a yi sosai, a zuba jaman fulo, wato daɓen kankare, siriri da siminti kaɗan yashi da yawa, a ɗora tayil. Ya isa mota ta taka ta kwana, wannan ba matsala. Riƙe ƙusa mai jan tan guda sama wani aiki ne dabam.

Ga abin da za ka yi gobe. Samo mai dirila, ya huda wuri uku ko huɗu daidai inda turakun za su tsaya. Za ka ji lokacin da bakin dirilar ya faɗa cikin ƙasa mai laushi. Sa waya mai lanƙwasa a ramin ka auna, ka cire kaurin tayil da simintin da aka ɗora shi a kai, don su ba sa cikin lissafi. Ka duba garin da ke fitowa ma. Sai ka dawo mana da abin da ka gani.

Ɗan Jibiya:
Injiniya, kana tsorata mutane fa. Akwai mai walda da na sani ya haɗa wa wani irinsa da ƙarfen tirela da famfon tifa, ko rabin kuɗin bai kai ba, kuma yana aiki.

Injiniyan Gini:
Ƙanena, yana aiki har zuwa yau, wannan na yarda. Tambaye shi abu biyu. In tiyon man da ke ɗaga injin ya fashe mota na sama, me zai tare ta? Kuma me ke sa ɓangarorin biyu su hau daidai da juna? A injin kamfani akwai sakata a cikin kowane turke, tana faɗawa cikin haƙora yayin da motar ke hawa, wannan ƙas-ƙas-ƙas ɗin da kake ji. Akwai igiyoyin ƙarfe da ke daidaita hagu da dama. Akwai wata sakatar da ke kulle hannuwan kada su zame gefe. Masu waldarmu gwanaye ne, su yi wa Alhaji teburin aiki da kantoci da ƙofa. Abin da mutum zai tsaya ƙarƙashinsa a bar wa wanda ya gwada shi da nauyi kafin ya sayar.

Bakanike Ƙofar Ƙaura:
A nan kam ina bayan Injiniya. Araha ba ta ado. Amma ku lura, duk wannan dogon lissafi rami bai san shi ba.

Mai Wayarin Daura:
Oga, ramin ma yana da nasa. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi ya kwanta a wuri mai zurfi. Ka kwance tiyon mai a 504 kana cikin rami, ɗan fetur ya zuba, sai a jawo fitila mai tsirarar waya ko a kunna abin yankan ƙarfe. Haka gas ɗin girki in tukunya na kusa tana yoyo, ramin zai nufa. Duk mai rami ya yi amfani da fitilar caji, ya sa fanka mai zuƙo iska daga ƙasa.

Alhaji, ni bari in yi maganar wuta tunda ita ce sana'ata. Motar lantarkin da ke tuƙa famfon irin wannan injin yawanci 2.2 kW ce. Akwai mai layi ɗaya 220, akwai mai layi uku 380. Ka tabbatar wanda za a kawo maka mai layi ɗaya ne in gidanka ba layi uku, don masu kawo kaya sun fi kawo na garejin kasuwa. In na hannu ne daga Amurka ka karanta farantin jikin motar lantarkin, su wutarsu 60 Hz ce, tamu 50. In ba a rubuta 50 a jiki ba zai yi ta tafiya a hankali yana ɗaukar zafi.

Aikinsa gajere ne, ƙasa da minti ɗaya mota ta kai sama, saukowa kuma nauyinta ne ke sauko da ita, ba ruwanta da wuta in sakatar ta hannu ce. Matsalar a tashi take. Lokacin da ka danna maɓalli yana fizgar wuta ninkin abin da yake ci sau da yawa. In KEDCO sun kawo wuta mai rauni, irin wadda fanka ke juyawa da ƙyar, kada ka danna, za ka ji yana gurnani bai tashi ba, haka ake ƙona su. Ƙaramin janareto kuwa kada ma a gwada. Ni ba na sa wa mutum rai da abin da bai kai 6 kVA ba. A ja mishi layinsa shi kaɗai daga allo, waya mai kauri ta jan ƙarfe zalla, da bireka nashi, da waya ta ƙasa.

Baban Khalifa:
Ina da sola da inbata 5 kVA. Ba za ta ɗauka ba?

Mai Wayarin Daura:
Ya danganta da irin fizgar da inbatar ke jurewa, yana rubuce a takardarta. Ko ta ɗauka, in firji da famfon rijiya suna kai a lokacin za ta yanke. Ni da gidana ne, janareto zan ba shi in bar wa iyali solarsu. Janareton kuma a waje, ba cikin garejin ba.

Dattijon Rafindaɗi:
Assalamu alaikum. Ɗana Baban Khalifa, ni ban san ƙarfe ba, amma ina da tambaya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san halin da ake ciki a garin nan. Mota biyu, ɗaya ma ba fita take ba sai jefi-jefi. Wanga kuɗi da za ka zuba don ɗaga mota sama, anya bai shiga almubazzaranci ba? Ga makanikai da iyali suna jiran aiki. Ka kai musu mana, kai ka huta su su samu.

Baban Khalifa:
Baba, na gode, kuma ba zan ƙi jin maganarka ba. Motar nan a cikinta aka kai ni makaranta, a cikinta Baba ya koya min riƙe sifana. In na buɗe bonet ɗinta na ji warin nan, hankalina kwanciya yake. Wani dawaki yake kiwo, wani tantabaru, ni nawa ke nan. Khalifa ya fara tsayawa kusa da ni yana miƙo min kaya, ya san lamba 10 da lamba 13. Haƙƙin iyali da na 'yan'uwa ina ƙoƙarin saukewa kafin wannan, Allah ne shaida.

Bakanike Ƙofar Ƙaura:
Baba, game da mu kada ka damu. Mai irin wannan sha'awar ba ya rage mana abinci, shi ne ma kwastoman da muka fi so, don in ya kawo aiki ya san abin da yake faɗi kuma ba ya bari mota ta mutu kafin ya zo. Sannan yaran yanzu da yawa ba su san kafireto ba. An fara haɗa 504 a Kaduna tun 1975, ta yi gwamnati ta yi tasha, amma yau in ka kai ta wani garejin sai a tsaya ana neman inda za a soka kwamfuta. Masu riƙe da irinta a gida su ne ke sa ilimin bai ɓace ba.

Dattijon Rafindaɗi:
To madalla. In haƙƙoƙi sun fita ba ni da ta cewa. Sai dai ka kula da maƙwabta, kada a riƙa buga ƙarfe lokacin da mutane ke hutawa, kuma kada baƙin mai ya bi kwata zuwa ƙofar wani.

Baban Khalifa:
In sha Allah Baba. Man a jarka nake tarawa, akwai masu zuwa karɓa.

Injiniya, na dawo. Mun huda wuri huɗu. Bayan tayil, wuri mafi kauri inci 3, ɗaya ma inci 2 da rabi ne. Dirilar shiga take kamar ba komai, garin da ke fitowa ja-ja ne, yashi ya fi yawa. Na kira dilan na gaya masa, ya ce ba damuwa, zai sa dogayen ƙusoshi.

Injiniyan Gini:
Dogayen ƙusoshi su kama me? Abin da ya wuce inci 3 ɗin ai cikin ƙasa zai shiga. Wannan amsar kaɗai ta isa ka nemi wani, ko aƙalla ka saya a wurinsa amma kafawa ta zama ƙarƙashin idon wanda ya san gini.

Gyaran ba gagara zai yi ba. Ba sai ka fasa garejin duka ba. A yanke daɓen a fitar da faffaɗan yanki guda wanda zai ɗauki turakun biyu tare, daga wannan gefe zuwa wancan, da rarar wuri gaba da baya. Na fi son haka a kan ɗan gurbi biyu daban-daban, don guda ɗaya ba ya barin turke ɗaya ya nitse ya bar ɗan'uwansa. A haƙa, a danne ƙasan sosai, a shimfiɗa leda, a ɗaura rodi, a zuba kankare mai kauri, ni a irin wannan gyaran nakan kai ƙafa guda, a kuma cusa shi ƙarƙashin tsohon daɓen ta gefe-gefe. Girman yankin da inda rodi zai bi sai an ga littafin injin, don kada rodi ya faɗo daidai inda za a huda. Shi ya sa littafin ne farkon abin da za ka karɓa, kafin injin.

Kwaɓin kada ya gaza 1:2:4, siminti ɗaya, yashi mai kaifi biyu, dutsen kwari huɗu, da awo ba da ido ba. Ka tsaya a wurin da kanka, don leburori suna son ƙara ruwa saboda ya yi saukin zubawa, ruwan nan kuma shi ke cinye ƙarfin. Bayan an zuba a rufe da buhunan algarara a riƙa jiƙawa safe da yamma aƙalla mako guda. Iskar Katsina, balle in hunturu ya shigo, tana busar da kankare kafin ya nuna. Saman ya zama daidai da ma'aunin ruwa. Kada a mayar da tayil a ƙarƙashin gindin turke.

Ɗan Jibiya:
To in haka ne me zai hana ya sayi mai ƙafa huɗu? Na ga ana ɗora mota ɗaya sama a ajiye ɗaya ƙasa.

Injiniyan Gini:
Wannan tambaya ce mai kyau. Mai ƙafa huɗu ya fi sauƙi ga ƙasa, don mota hawa take kan faranti, nauyin ya rabu huɗu ya danna ƙasa kai tsaye. Duk da haka inci 2 da rabi na Alhaji bai isa ba. Ajiye mota kan mota kuma lissafin silin ne. Tsayin 504 ya kusa mita ɗaya da rabi, Hilux wajen mita 1.8, ga kaurin faranti. Ƙafa 10 mita 3 ne da ɗan kai. Ba za su shiga ba.

Bakanike Ƙofar Ƙaura:
Kuma mai ƙafa huɗu kusan rami ne da aka ɗaga sama, tayoyi na zaune kan faranti. In birki ko shokozoba za ka yi sai ka sake sa jak. Aikin da Alhaji ya lissafa, mai ƙafa biyu ne ke sakar mishi tayoyi huɗu a iska. Kun ga na fara yi muku talla, amma har yanzu ni rami nake so.

Baban Khalifa:
Oga, mun gode da adalci. To silin ɗin fa? Ko da mai ƙafa biyun, ƙafa 10 ta isa?

Injiniyan Gini:
Iri biyu ne. Mai gada a sama yana neman wajen ƙafa 12, wannan ka manta da shi. Mai faranti a ƙasa, wanda tiyo da igiyoyi ke bi ta ƙarƙashin wani ɗan tudu tsakanin turakun, tsayinsa ƙafa 9 da 'yan inci, zai shiga. Amma motar ce za ta taɓa silin kafin injin ya ƙure. Da 504 za ka samu kamar mita ɗaya da rabi a ƙarƙashinta, aikin zaune kan kujera mai taya. Da Hilux abin da zai rage bai fi mita 1.2 ba. Dakin ne a sama ko kwano?

Baban Khalifa:
Kwano ne, silin ɗin roba.

Injiniyan Gini:
To ka yi sa'a. Ana iya cire silin a daidai wurin, ko a kwance rufin a ƙara layin bulo huɗu a mayar. Abin da ban yarda ba shi ne kafinta ya yanke katakon da ya ɗaure rufin a kwance don mota ta samu hanya, iskar farkon damina za ta nuna maka amfaninsa. Kuma tunda wannan irin ba shi da sandar da ke kashe injin in rufin mota ya taɓa sama, sai Mai Wayarin ya sa maka makashi a tsayin da ka zaɓa.

Mai Wayarin Daura:
Wannan ƙaramin aiki ne. In za a ɗaga rufin a bar tagogi biyu a sama suna kallon juna. Gubar da ke kisa a hayaƙin salansa ba ta wari, kuma garejin da ke da ƙofa zuwa cikin gida hayaƙin ɗakunan yara zai nufa. Ba a barin mota tana aiki ƙofa a rufe, ko na minti biyar ne.

Maman Ilham:
A ƙara da kwaɗo a kan makunnin injin, makullin a aljihunka. Yaro in ya ga maɓalli sai ya danna. Da tukunyar kashe gobara mai hoda a bakin ƙofa, da bokitin yashi, a nuna wa matan gidan yadda ake amfani da su, don su ne ke gida in abu ya faru. Wutar fetur ba a zuba mata ruwa.

Bakanike Ƙofar Ƙaura:
Tunda an ƙi ramina, ga abin da zan ce kan aiki da shi, don na yi aiki da irinsa a wani gareji a Kano. Ka ɗaga mota kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, ka tsaya, ka kama bamba ka girgiza ta da ƙarfi. In ta motsa a kan robobin, sauke ka gyara. In ta kai inda kake so, ka sauko da ita ta zauna kan sakata kafin ka shiga, kada ka bar ta rataye kan mai. Hilux a kan shasi ake kama ta, kuma gabanta ya fi bayanta nauyi in ba kaya, sai an sa mata ƙarin dunduniya don hannun ya kai. Ita 504 ka duba wuraren sa jak da kyau, shekaru sun ja. Motar da ta rayu a nan ba ta cika ruɓewa ba saboda bushewar ƙasarmu, 'yan Kwatano da suka sha gishirin titi a Turai su ne ake tsoro, amma dai ka ƙwanƙwasa ka ji. Ranar da za ka sauke giyabos ko aksul na baya, ka sa dogon matokari gaba da baya, don da ka cire abu mai nauyi ma'aunin motar ya canja.

Sai ƙura. Da hunturu ka riƙa goge sandunan famfon kafin ka ɗaga, ƙurar nan ce ke cin robar da ke riƙe mai. Ƙusoshin gindi kuma ka riƙa bin su da sifana lokaci-lokaci. Wanda ka ga kullum yana neman ƙari, kankaren ne ke saki, ka daina ɗagawa ka kira Injiniya.

Baban Khalifa:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga inda na tsaya. Na fasa tura kuɗi yanzu. Zan nemi littafin mai faranti a ƙasa, mai layi ɗaya, in turo wa Injiniya ya fitar min da awon yankin da za a fasa. Rufin zan ƙara masa bulo, tunda dai aikin ya zo gara in tsaya a miƙe ƙarƙashin Hilux ɗin ma. Kafin nan zan ci gaba da jak da matokarai huɗu. Injiniya, rufin za a fara ko ƙasan?

Injiniyan Gini:
Rufin. Kada a zo ana jifa da bulo da katako kan sabon kankare. In an rufe sai a fasa ƙasan, inuwar ma za ta taimaka masa ya nuna a hankali. Mai Wayarin ya binne bututun wayarsa kafin a zuba, kada a dawo ana sara daga baya. Ka rubuta ranar da aka zuba a jikin bango, ka ƙirga 28 daga nan.

Bakanike Ƙofar Ƙaura:
Ranar kafawa ka kira ni, zan zo da yarona ɗaya. Da Hilux za mu fara gwadawa, 504 ta jira a waje sai mun ga yadda ƙusoshin suka zauna.